Jarrabawar Ƙwararrun Wayar Iska Ta Zamani: Hadda Kaɗai Ba Ta Fid Da Ɗalibi

Dattawan da suka ga zamanin En'e har yanzu suna tuna lokacin da kalmar "wayar iska" take nufin wani ɗan ɗaki a barikin soja ko na 'yan sanda, inda ma'aikaci guda yake zaune da abin saurare a kunne, yana aika saƙo zuwa Ikko ko Kaduna ba tare da an ga igiyar da ta ɗauki maganar ba. A wancan zamani mutane kan dubi irin wannan ma'aikaci kamar mai wani asiri.

A yau kuwa wayar iska ta shiga aljihun kowa. Kafin shigowar wayar salula a shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. Yanzu ɗalibi a jami'a, da akawu a banki, da ma'aikaciyar jinya a asibiti, da baƙo a masauki, kowa da zarar ya zauna sai ya tambayi lambar sirrin Wi-Fi, watau hanyar nan da take haɗa kwamfuta da wayar hannu da intanet ta cikin iska. In ta yi aiki ba mai tunawa da wanda ya kafa ta. In kuwa ta tsaya, sai aikin ofis ya tsaya cik, a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi.

Samari da 'yan mata da yawa a ƙasar nan sun shiga sana'ar kafa wannan hanya da gyaranta. Akasarinsu sun koye ta ne a hannun wani maigida, ko ta hanyar gwaji da kuskure. To, amma manyan kamfanoni da ma'aikatu in za su ba da kwangila ko su ɗauki ma'aikaci sukan nemi takardar shaidar ƙwarewa wadda aka sani a ko'ina cikin duniya. Wannan ne ya sa ake ta samun masu shirin zama jarrabawar ƙwararru. Jarrabawa ce mai tsada, ana biyan kuɗinta da dalar Amurka, wanda ya faɗi kuma sai ya sake biya in yana son ya sake zama. Saboda haka ya kamata duk mai niyya ya san abin da ke gabansa tun kafin ya kwance lalitarsa.

Wace Irin Jarrabawa Ce?

Takardun shaida na wannan fanni iri biyu ne. Akwai waɗanda kamfanonin da suke ƙera kayan aikin suke bayarwa, kamar Cisco da Aruba na Amurka, da Huawei na ƙasar Sin, da MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda ƙananan kamfanonin sayar da intanet suke yawan amfani da kayansa a nan. Irin waɗannan takardu suna nuna cewa mutum ya iya sarrafa kayan wannan kamfani. Kamfanin Cisco ma a shekarar 2020 ya soke jarrabawarsa ta matakin farko wadda ta keɓanta da wayar iska, ya shigar da wani sashe nata cikin babbar jarrabawarsa ta CCNA.

Iri na biyu shi ne wanda bai jiɓanci kayan kowane kamfani ba. Mafi shahara a nan ita ce takardar CWNA, wadda wata ƙungiya ta Amurka mai suna CWNP take bayarwa. An kafa ƙungiyar a shekarar 1999. Abin da take aunawa shi ne ko mutum ya fahimci halin igiyar rediyo da dokokin da na'urori suke bi wajen magana da juna, ko da kayan wane kamfani aka ajiye masa. Wanda ya riƙe wannan ilimi, in an canza kayan aiki a ma'aikatarsu ba zai koma ɗan koyo ba.

Tsarin jarrabawar ba ɓoyayye ba ne. Tambayoyi 60 ne, irin na zaɓi amsa, ana amsa su a kan kwamfuta cikin minti 90, da harshen Ingilishi. Ana bukatar kashi 70 cikin 100 kafin a ce mutum ya ci, watau amsa 42 daidai. Wanda yake so ya zama malamin koyar da kwas ɗin kuwa sai ya sami kashi 80. Takardar tana aiki shekaru uku, daga nan sai a sabunta ta. Ba a sharɗanta wata takarda kafin a zauna ba, amma wanda bai san yadda kwamfutoci suke haɗuwa ta igiya ba, da yadda ake ba kowace adireshinta, zai sha wuya ƙwarai, domin an ɗauka ya riga ya wuce wannan aji.

Wani abin lura shi ne ana sabunta manhajar kusan kowane shekaru uku. An fito da bugu mai lamba 107 a shekarar 2017, mai lamba 108 a 2020, mai lamba 109 kuma a 2023. Don haka aikin farko na mai shiri shi ne ya nemi jerin batutuwan da ƙungiyar ta buga na bugun da ake zama a lokacinsa, kyauta ake samunsa, ya tabbata littafin da ya saya ko ya aro ya dace da shi.

Daga Ina Abin Ya Faro?

Manhajar tana son ɗalibi ya san asalin dokokin da yake aiki da su. A shekarar 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zangunan rediyo domin jama'a su yi amfani da su ba tare da lasisi ba, muddin ba su wuce wani ƙarfi da aka ƙayyade ba. Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta kafa kwamiti a 1990 a ƙarƙashin wani injiniya ɗan ƙasar Holan mai suna Vic Hayes, a 1997 kuma kwamitin ya fito da ƙa'idar farko mai lamba 802.11. Saurinta a lokacin bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba.

Daga nan aka yi ta yi mata ƙari, kowane ƙari da harafinsa. A 1999 aka sami "b" mai megabit 11 da "a" mai megabit 54. A 2003 "g" ta zo, a 2009 "n", a 2013 "ac", sa'an nan "ax" wadda 'yan kasuwa suke kira Wi-Fi 6. A farkon 2024 aka fara ba da shaidar kayan Wi-Fi 7. Ɗalibi zai haddace waɗannan haruffa da saurinsu, babu makawa.

Har ila yau dole ya bambance ayyukan hukumomi uku waɗanda ɗalibai suke yawan cakuɗawa. IEEE ita take rubuta ƙa'ida. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta Wi-Fi Alliance, wadda aka kafa a 1999, ita take gwada kayan kamfanoni ta tabbatar za su yi aiki da juna. Hukumar kowace ƙasa kuma ita take da ikon cewa ga zangon da aka yarda a yi amfani da shi, ga kuma iyakar ƙarfi. A Nijeriya wannan aiki na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ne, watau NCC, wadda aka kafa a 1992. Shi ya sa akwatin da aka sayo daga wata ƙasa ake bukatar a saita shi bisa dokar ƙasar da aka kawo shi.

Halin Igiyar Rediyo

A nan ne jarrabawar take raba aya da tsakuwa. Mai sauraron rediyo na dā ya saba jin mai gabatarwa yana cewa ana kama tashar a kan mita 49 gajeren zango. Wannan mita 49 tsawon igiyar rediyo ɗaya ke nan, daga tudunta zuwa tudu na gaba, kamar yadda igiyar ruwa take a tafki in an jefa dutse. Igiyar Wi-Fi kuwa gajeruwa ce ƙwarai. A zangon gigahaz 2.4 tsawonta kusan santimita 12 da rabi ne, bai kai taƙi guda ba. A zangon gigahaz 5 kuma kusan santimita 6 ne. Ga ƙarancin ƙarfin da doka ta yarda a watsa ta da shi. Saboda haka abin da rediyon gajeren zango ba zai ko kula da shi ba, ita sai ya tare ta.

Bangon kankare yana shanye ƙarfinta. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe suna mayar da ita baya kamar yadda madubi yake mayar da haske. Ruwa yana cinye ta, jikin ɗan Adam kuwa akasarinsa ruwa ne. Wannan ne dalilin da ya sa babban ɗakin taro da aka gwada ba kowa a ciki aka ga komai lafiya, ranar da ya cika da mutane sai abin ya dagule. Haka nan in an haɗa gini biyu da eriya mai kallon juna, ganin eriya ɗaya daga wurin ɗaya bai wadatar ba. Igiyar tana bukatar fili a kewayen layin nan, mai siffar ƙwai, wanda masana suke kira yankin Fresnel. Bishiyar mangwaro da ta yi reshe ta shiga yankin, musamman da damina in ganye ya jiƙe, tana iya raunana hanyar da ta yi aiki lafiya da rani.

Sai batun lissafi, wanda yake firgita ɗalibai da yawa alhali kuwa yana da sauƙi. Ana auna ƙarfin sigina da miliwat, ana kuma auna ƙaruwarsa ko raguwarsa da desibel. Akwai ƙa'ida ta uku da goma wadda ake yi da ka. Ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfi biyu, ragin desibel 3 yana raba shi biyu. Ƙarin desibel 10 yana ninka shi goma, ragin 10 yana raba shi goma.

Alal misali, a ce akwati yana fitar da miliwat 100. Igiyar da ta kai ga eriya ta cinye desibel 3, sai ya koma miliwat 50. Eriyar kuma tana da ribar desibel 10, sai abin da ya fita ta fuskar da ta dosa ya zama daidai da miliwat 500. Irin wannan tambaya takan fito, kuma wanda ya saba zai gama ta cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Amma mai tambaya yana iya juyawa ya ce, daga ina eriyar ta samo wannan ƙari, alhali ba ta da batir? Amsar ita ce ba ta ƙara komai ba, tattara ƙarfin ta yi wuri guda, kamar yadda tocila take tattara hasken ƙaramin ƙwai ta harba shi nesa, ta bar gefe da baya cikin duhu. Wanda ya haddace lambobi kawai a nan zai tsaya.

Akwai kuma ƙa'idar desibel 6. A fili fetal, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, sigina yakan ragu da desibel 6, watau ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Masu tsara hanyar da za a yi kiran murya a kanta sukan nemi kada ƙarfin da ke isa ga waya ya faɗi ƙasa da -67 a ma'aunin dBm. Wannan adadi ƙanƙane ne ainun, bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na miliwat guda ba, amma da shi ake magana.

Ladabin Magana A Iska

Babban abin da ya raba wayar iska da ta igiya shi ne iska ta kowa ce. A kan tasha guda, a wuri guda, asalin dokar ita ce na'ura ɗaya take magana a lokaci guda, sauran su yi shiru. Na'urar kuma ba ta iya magana tana saurare a lokaci ɗaya, don haka ba ta sanin ko maganarta ta yi karo da ta wata. Abin da injiniyoyi suka tsara ya yi kama da ladabin zaman majalisa. Mai son magana zai fara kasa kunne. In ya ji shiru sai ya zaɓi wani adadi ba tare da shiri ba, ya ƙirga a zuci, in ya kai ƙarshe ba wanda ya riga shi sai ya yi magana. Wanda aka yi wa maganar kuma dole ya amsa da "na ji". In ba a amsa ba, mai magana ya ɗauka saƙonsa ya ɓata, sai ya maimaita.

Daga wannan doka guda matsaloli da yawa suke fitowa, kuma mai jarrabawa yana son su. Ɗaya ita ce ta ɓoyayyar na'ura. A ɗauka mutum biyu suna gaban alƙali, amma akwai katanga tsakaninsu, kowa yana jin alƙali ba ya jin ɗan'uwansa. Kowa zai ɗauka an yi shiru, sai su yi magana tare, alƙali ya kasa fahimtar ko ɗaya. Maganin da ƙa'ida ta tanada shi ne mai magana ya fara neman izini, alƙali ya sanar da kowa cewa wane ke da magana na tsawon lokaci kaza.

Ta biyu ita ce ta tsohuwar na'ura mai jinkiri. Tun da lokacin iska ake rabawa, waya guda da take can nesa tana magana a hankali takan cinye lokacin kowa, kamar amalanke da ya shiga gaban motoci a siririyar hanya.

Ta uku kuwa ita ce kuskuren da sababbin ma'aikata suka fi yi. In an yi kukan sigina ba ya kaiwa, sai su ƙure ƙarfin akwatin. Akwatin ya zama kamar mai shela da lasifika, ana jin sa daga nesa, amma wanda yake amsa masa da fatar baki ba a jin sa. Wayar hannu ƙarfinta kaɗan ne. Za ta nuna sigina ya cika, amma saƙonta ba ya komawa. Bugu da ƙari, akwatin da aka ƙure zai riƙa shiga maganar maƙwabtansa. Sau da yawa maganin shi ne a rage ƙarfi, a ƙara yawan akwatuna, a ajiye kowanne inda ya dace.

Wannan ya kawo batun rabon tashoshi. A zangon gigahaz 2.4 tazarar da ke tsakanin tasha da tasha megahaz 5 ce, alhali faɗin sigina ya kai megahaz 20 ko 22. Saboda haka tashoshin suna hawa kan juna, uku ne kawai aka saba amfani da su ba tare da sun taɓa juna ba, watau 1 da 6 da 11. A wannan zango ne kuma murhun lantarki mai ɗumama abinci da na'urorin Bluetooth suke aiki, ga cunkoso ke nan. Zangon gigahaz 5 ya fi yalwar tashoshi, sai dai wasunsu ana tarayya da na'urorin hangen jiragen sama da na hasashen yanayi, kuma doka ta ce da zarar akwati ya ji motsinsu ya bar tashar nan take. A 2020 Amurka ta buɗe zangon gigahaz 6, wasu ƙasashe suka bi baya, kowace da gwargwadon abin da ta yarda.

Tsaron Gida

Maganar da aka sake a iska ba ta tsayawa a bakin ƙofa. Wanda ya ajiye mota a waje yana iya kama ta. Don haka manhajar ta ware sashe domin tsaro, tarihinsa kuma darasi ne. Makullin farko, mai suna WEP, masana uku sun nuna rauninsa a 2001, har ta kai ana fasa shi cikin 'yan mintoci. Duk da haka wasu kamfanoni suka ci gaba da amfani da shi. A 2007 wani babban kamfanin kantuna na Amurka mai suna TJX ya bayyana cewa an sace bayanan katunan kuɗi fiye da miliyan 45, bincike kuma ya nuna ɓarayin sun fara shiga ne ta wayar iskar kantunansa.

An kawo WPA a 2003 domin toshe ɓaraka, sa'an nan WPA2 a 2004. A 2017 wani mai bincike ɗan ƙasar Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano wata kafa a cikin WPA2, a 2018 kuma aka fito da WPA3. Ɗalibi zai san bambancin waɗannan, zai kuma san dalilin da ya sa lambar sirri guda wadda kowa ya sani ta dace da gida amma ba ta dace da banki ko asibiti ba. A irin waɗannan wurare kowane ma'aikaci da nasa izinin shiga, ta yadda in ya bar aiki za a soke nasa ba tare da an taɓa na sauran ba.

Yadda Ake Shiri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin da ya fi shahara a wannan fanni, wanda David Coleman da David Westcott suka rubuta, ya kai shafi dubu. Ita ma ƙungiyar tana buga nata littafin da tambayoyin gwaji. Mai aiki da rana wanda yake karatu da dare zai bukaci watanni, gwargwadon abin da ya riga ya sani. Abin da ya fi dacewa shi ne ya ɗauki jerin batutuwan, ya raba su mako mako, ya sa alama a kan waɗanda ya fahimta da waɗanda ya karanta kawai, domin biyun ba ɗaya ba ne. Hanyar gane bambancin ita ce ya gwada yi wa wani bayani da Hausa, ba tare da ya dubi littafi ba. Inda harshensa ya sarƙe, nan ne bai gane ba.

Karatun kuma sai an haɗa da aikin hannu. Ba sai an kashe dukiya ba. Tsofaffin akwatunan Wi-Fi guda biyu, irin waɗanda ake samu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Farm Centre a Kano, sun isa a fara. Akwai manhajoji na kyauta da ake sa wa a wayar Android masu nuna ƙarfin sigina da tashar da kowane akwati yake kai. Ɗalibi ya ajiye akwati a ɗaki, ya ɗauki waya da littafin rubutu, ya auna a tsakar gida, ya auna a bayan bango ɗaya, ya auna a bayan biyu, ya rufe ƙofar ƙarfe ya sake aunawa. Ya ɗora akwatunan biyu a tasha guda ya ga abin da zai faru da sauri, sa'an nan ya raba su. Gani ya kori ji. Abin da ya auna da hannunsa ba zai manta da shi a ɗakin jarrabawa ba.

Bayan haka sai ya koyi duban saƙonnin kansu. Manhajar Wireshark, wadda ake samu kyauta tun 1998 lokacin tana da wani suna daban, tana buɗe saƙon da ya bi ta iska ta nuna abin da ke cikinsa. Da ita ɗalibi zai ga yadda akwati yake shelar sunansa kusan sau goma a kowace daƙiƙa, da yadda waya take neman shiga, da musayar saƙo huɗu da ake yi kafin a ƙulla makulli.

Kada kuma ya raina ɓangaren igiya. Kowane akwatin da ke maƙale a silin da igiya yake komawa ɗakin na'urori, igiyar kuma ba a so ta wuce mita 100. Ta cikinta ake ba shi wuta. Ƙa'idar 2003 tana ba da wat 15.4, ta 2009 wat 30, ta 2018 har zuwa wat 90. Sabon akwati da aka haɗa da tsohuwar na'urar ba da wuta yana iya kunnuwa amma ya kashe wasu sassansa, ma'aikaci ya yi ta neman laifi a iska alhali yana cikin igiya.

Ɗalibin ƙasar nan yana da wasu matsaloli nasa. Akwai rashin tsayayyar wutar lantarki, akwai tsadar dala, musamman tun watan Yuni na 2023 da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Akwai kuma Turancin tambayoyin, wanda yakan zo da kalmomi masu kama da juna. Abokai uku ko huɗu in sun haɗu sukan rage wa juna nauyi, su yi karo-karo su sayi littafi da kayan gwaji, kowa ya ɗauki babi ya koyar da sauran. Wasu ma'aikatu kuma sukan biya wa ma'aikacinsu kuɗin jarrabawa in ya nema.

Tarkon Tambayoyin Sata

Akwai masu tallar abin da suke cewa ainihin tambayoyin jarrabawa ne da amsoshinsu, a saya a haddace. Wanda ya bi wannan hanya ya jefa kansa cikin haɗari ta fuska uku. Amsoshin sau da yawa kuskure ne, domin wanda ya tattara su ba masani ba ne. Tambayoyin kuma ana canza su. Sa'an nan duk mai zama yakan amince da sharaɗin riƙe sirrin jarrabawa, wanda aka kama da maguɗi kuwa ana iya soke takardarsa.

A ce ma ya tsira daga duk wannan ya sami takardar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a wayi gari a kira shi asibiti a ce na'urorin da likitoci suke duba bayanan marasa lafiya suna yankewa a wani ɓangare, ko a kira shi makaranta ana gobe ɗalibai za su yi rajista. A nan ba zaɓin amsa huɗu a gabansa, sai bango da kwano da mutane masu jira. Kunyar da zai sha ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba, za ta shafi darajar takardar a idon masu ɗaukar aiki, ta cuci waɗanda suka yi gumi suka same ta.

Ranar Zama Da Bayanta

Matasan da suka zauna jarrabawar JAMB tun daga 2015, lokacin da ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ba za su ga baƙon abu ba. Ana yin rajista tun da wuri, a zaɓi rana, a zo da katin shaida mai hoto wanda sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na rajista harafi da harafi. Ba a shiga da waya ko littafi. Minti 90 a kan tambaya 60 yana nufin minti ɗaya da rabi ga kowace, kuma ya isa ga wanda ya shirya. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne gaggawa. Tambaya takan ce a zaɓi amsar da "ta fi dacewa" a cikin amsoshi biyu da suke da gaskiya, ko a ɓoye kalmar "banda" a tsakiyar jimla. Karanta tambaya sau biyu ya fi sauƙi a kan biyan kuɗi sau biyu.

Wanda Allah Ya ba sa'a ya ci, ya sani matakin farko ya taka. A sama akwai takardu uku na ƙwarewa: CWSP ta tsaro, CWDP ta tsara hanya, da CWAP ta binciken saƙonni. Cin ɗaya daga cikinsu kafin shekaru ukun su cika yana sabunta ta farkon. A can ƙololuwa akwai CWNE, wadda ba a samunta da jarrabawa kaɗai, sai mutum ya nuna shekaru uku na aiki a fagen, ya rubuta bayanin ayyukan da ya yi, wasu kuma su tsaya masa shaida.

Wanda kuma bai ci ba, sakamakon yakan nuna masa sassan da ya yi rauni, sai ya koma kansu kafin ya sake biya. Watannin da ya yi yana auna sigina a bayan bango ba su tafi a banza ba, gobe in an kira shi gyara zai ga amfaninsu. Jami'o'i da asibitoci da kasuwannin ƙasar nan kullum ƙara dogara suke yi da wannan hanya, suna kuwa bukatar 'ya'yan ƙasa waɗanda suka san aikin ciki da bai. Allah Ya ba masu shiri sa'a, Ya sa albarka a cikin abin da suka koya.